Ciyawar Doyle

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan coci

Jiya an cinye mu a gida, kuma duk gari ya yanke cewa laifin mijina ne.

Ruwa ya kwana ya wuni yana zuba. Kafin a je hutun rabin lokaci filin ya koma kunu, 'yan wasanmu suna zamewa kamar kifi a tire, lambobin rigunansu ma ba a gani. Aka nuna mu a talabijin, mai sharhi yana dariya. Doyle ne mai kula da filin ƙwallon kwalejin Tolliver, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi, don haka yau a coci mutane suka riƙa riƙe masa hannu kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ana idar da addu'a ya nufi filin da takalminsa na coci.

A littafin da nake karantawa, mutumin ya haye kogi cikin ambaliya don kawai ya mayar wa matar safar hannunta. Ni nawa a ƙofar coci ya manta ni. Darlene maƙwabciyata ce ta kawo ni gida a motarta mai warin man kitso.

Na soya kaza, na gasa burodin masara. Ni kaɗai na ci.

Talata, 15 ga Oktoba, da hantsi

Ya dawo jiya da almuru, gwiwoyin wandonsa kore shar. Na tambaye shi ya aiki. Ya ce, "Ciyawar ta ji jiki, 'yar littafi. Amma za ta tashi. Iska take so, sai mun huda mata ƙasa."

'Yar littafi yake kirana tun muna samartaka. A da ina jin daɗi.

Ta ji jiki. Tana jin ƙishi. Ba ta son a taka ta da sassafe. Wata goma sha huɗu da aurenmu, ban taɓa jin ya faɗi abin da ni ba na so da sassafe ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da yamma

Mista Harlan Voss, mai gidajen sayar da motoci, ya ce zai saya wa kwaleji ciyawar roba. A cire ta Doyle gaba ɗaya, a shimfiɗa dardumar da ba ta san ruwa ba, ba ta san taɓo ba. Hukumar kwaleji za ta zauna a kai farkon watan gobe.

Doyle ya kasa zama. Yana zagaya teburin cin abinci da cokali a hannu.

"Darduma, Maribeth. Darduma mai ɓarɓashin tsohuwar taya. Watan Agusta ki ɗora ƙwai a kanta ya soyu. Yaro ya kafa ƙafa zai juya, ciyawa takan saki, ta yage ta bar shi ya tafi. Roba riƙewa take yi. Sai dai gwiwar ta saki."

Na ce, "To ita robar wa zai riƙa yi mata ban-ruwa?"

"Ba kowa. Shara kawai, sau ɗaya a mako."

Sau ɗaya a mako. Na juya wajen murhu don kada ya ga fuskata.

Asabar, 19 ga Oktoba, da azahar

Wasan yau a waje ne, na ɗauka zan same shi. Na sa rigata shuɗiya. Sai ga wata mace a ƙofa da takardu cike da hammata.

Dakta Corinne Hatcher, daga sashen noma. Doguwa ce, ba ta shafa komai a fuska, akwai ƙasa a ƙarƙashin faratanta. Za ta taimaka wa Doyle ya kare ciyawarsa a gaban hukuma. Suka baje takardu a teburina, hotunan gwiwoyi da na saiwoyi. Ta faɗi wani dogon sunan ƙwaro, Doyle ya yi dariya har da buga tebur. Ban san ana dariyar ƙwaro ba.

Na kawo shayi mai ƙanƙara. Ta ce, "Na gode, Marybel."

Ya ce, "Maribeth," bai ɗago kai ba.

A kofina mai hoton tsuntsu ta sha.

Talata, 22 ga Oktoba, da yamma

Ta sake zuwa.

Laraba, 23 ga Oktoba, da yamma

Ba ta zo ba. Shi ya je.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da la'asar

Na kai wa Mama Opal, mahaifiyar Doyle, maganinta. Na same ta a bayan gida tana aske ɗan murabba'in ciyawarta da almakashin ɗinki. Bai fi faɗin tiren shayi biyu ba, an kewaye shi da jajayen tubala.

Kowa a gidan Pruitt, dangin Doyle, ya san labarinsa. Duk lokacin da aka tuge filin don sabuntawa, mai kula da shi yakan yanko yankin tsakiya, daidai inda ake jefa kwabo kafin wasa, ya kai wa matarsa ta dasa. Baban Doyle ya kawo wa Mama nata a cikin kwalin takalmi.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kin rame, 'yata. Filin ne ko malamar?"

Na ce ba komai.

"Ni ma haka nake cewa. Duk kakar wasa ta duniya a kujerar baya na zauna. Kin ga ciyawa, ba ta mita, ba ta tambayar ina ka tsaya, shi ya sa suke sonta." Ta miƙo mini almakashin. "Ranar da ya kawo mini wannan na ce masa, Virgil, wasu matan zobe ake kai musu. Ya ce zobe ba ya tsiro. Yanke mini gefen can, bayana ya ƙi."

Na yanke. Taushi gare ta kamar gashin jariri. Na ji haushin hakan.

Litinin, 28 ga Oktoba, da safe

Na gama littafin. A ƙarshe ashe ɗaya matar da ake zarginsa da ita ƙanwarsa ce. A littafi kullum ƙanwarsa ce.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Ban je coci ba. Kaina.

Jiya kafin wasa, a wurin ajiye motoci inda kowa ke gasa nama, matar Mista Voss ta hango ni ta jawo ni rumfarsu. Rumfa mai labule, da kujeru masu taushi, da furanni a kwalba. Ta ce rigata ta yi kyau. Ta tambaye ni me nake karantawa, kuma ta saurari amsar har ƙarshe. Aka ba ni wani abin sha mai zaƙi, ruwan hoda. Aka ƙara mini.

Daga inda nake zaune ina hango su biyun, Doyle da Corinne, ta ƙofar filin, a durƙushe kan layin fenti, kai da kai, suna duba wani abu a tafin hannunsa.

Wani ya tambaye ni wani abu. Na ba da amsa. Aka yi dariya sosai, Mista Voss har da share ido. Na daɗe ban sa mutane dariya ba, sai na ƙara da wata.

Mun ci wasan. Ba zan rubuta sauran ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da azahar

Abin da na faɗa wasa ne kawai. Kowa ya san wasa ne.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da almuru

Yau hukuma ta zauna. Zauren ya cika har baranda. Na goge wa Doyle farar rigarsa, na zauna a layi na uku.

Ya yi magana da kyau. Ya ce a gyara magudanar ruwa, ba a binne fili ba. Corinne ta nuna hotunanta. Koci mai horar da 'yan wasan ya ce shi dai yana son filin da zai yi atisaye a kai kullum ba tare da an kore shi don ciyawa na hutawa ba. Wata uwa ta tashi ta ce ɗanta gwiwa biyu kawai gare shi. Na ga 'yan hukuma biyu suna gyaɗa kai.

Sai Mista Voss ya miƙe, yana murmushi. Ya ce shi ba masani ba ne, amma ya ji ra'ayin wadda ta fi kowa kusa da maganar.

Ya ambaci sunana. Bai yi kuskuren sunan ba.

Zauren ya yi dariya. Doyle bai juyo ba. Bayan wuyansa kawai nake gani, ya yi ja har cikin kwalar da na goge.

Ƙuri'a ɗaya ce ta raba. Roba ta yi nasara.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da safe

Ya ce, "Na gode da abinci."

Bai taɓa gode mini don abinci ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da la'asar

Na je shagon Darlene wankin kai, don na gaji da jin agogon falo. Ta jira sai da kaina ya shiga kumfa, ba hanyar gudu.

"Ke ƙawata, da gaske kin ce roba aƙalla ba ta ƙwace wa mace miji?"

Na rufe ido.

"Da kuma wai in sun rasa mai tuƙa motar tugewa a kira ki?"

"Darlene, ruwan ya yi zafi."

"Ruwan lafiyarsa ƙalau. Ni dai na ce musu yarinyar nan littattafai ne suka cika mata kai, ba mugunta ba. Amma a rumfar Voss? Ki rasa inda za ki yi kuka sai a aljihun mai sayar da mota?"

Na ce ba ni na jefa ƙuri'a ba.

"Ba ke ba ce," in ji ta. "Ɗago kanki."

Talata, 12 ga Nuwamba, da almuru

Sanyi ya sauko. An ce raɓa za ta daskare kafin asuba, shi ne ya ci abinci a tsaye ya tafi lulluɓe filin da fararen mayafan nan nasa. Filin da za a tuge bayan wasan ƙarshe.

Na ce masa a bakin ƙofa, "Doyle, ai an riga an gama."

"Saura wasa ɗaya. Ba za ta fita a wulaƙance ba."

Ita yana da mayafi mai faɗin unguwa da zai rufa mata. Ni ƙafafuna kamar ƙarfe, ina zaune da bargon aurenmu wanda Mama Opal ta ɗinka, ni da shi.

Na so in tambaya ko Corinne za ta riƙe masa ɗaya gefen. Ban tambaya ba. Wani dai zai riƙe.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da azahar

Na ɗauko sabon littafi a laburare. Na karanta shafi ɗaya sau uku. Mutumin ciki yana ta magana, yana ta rantsuwa da wata da taurari. Ya cika surutu.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da safe

Ya daina kirana 'yar littafi. Maribeth. Kamar mai kiran suna a asibiti.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, bayan coci

Jiya wasan ƙarshe. Ban taɓa ganin filin haka ba, kore kamar an wanke shi, layukan fari fat. Mun ci. Da aka busa tashi mutane suka tsallaka shinge, tsofaffi suna tsugunawa suna cusa ciyawa a aljihu. Manyan yaran nan masu wuya kamar turmi suka zo ɗaya bayan ɗaya suna rungumar Doyle.

Gobe za a yanka ta gunduwa-gunduwa. Gobe zai yanko tsakiyar.

Na share wuri a bayan gida, daidai tagar kicin. Na aro tubala wajen Darlene. Ban gaya masa ba. A littafi nan ne wurin da yake shigowa da abin a hannu, ba wanda ya ce komai, sai ta fashe da kuka.

Litinin, 25 ga Nuwamba, da almuru

Na sa shuɗiyar rigar. Na ji tsayuwar a-kori-kurarsa. Na leƙa.

Bayan motar wayam, sai shebur da igiya.

Talata, 26 ga Nuwamba, da hantsi

Darlene ta ƙwanƙwasa da sassafe, wai aron sukari. Darlene ba ta shan sukari.

"Ban so in faɗa miki ba."

"To kar ki faɗa."

"Yankin ciyawar, a kujerar gaba ta motar malamar nan yake. A tire. Har da bel ɗin kujera ta ɗaura masa."

Doyle yana falo. Yau ba inda za shi, gobe ma haka, sai an kawo dardumar a koya masa tuƙa injin shara. Yana zaune, hannayensa a kan gwiwa, tsaf, ba ɗigon ƙasa. Abin da na roƙa ke nan: ga shi a gida da rana tsaka. Na wuce ta gabansa sau huɗu. Bangon yake kallo.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da la'asar

Na je.

A hanya na shirya jawabi. Akwai "amana" a ciki, akwai "mace 'yar'uwarki". Na maimaita shi har fitilar kan hanya ta ba ni hannu ban gani ba.

Ɗakin gilashin sashen noma, inda ake rainon shuke-shuke, ɗumi gare shi kamar cikin baki. Na sami Corinne tana cin burodi a tsaye. Ga shi nan a kan benci, murabba'i, da ɗan guntun farin fenti a gefe ɗaya.

Jawabin ya gudu. Na ce, "Wannan nawa ne."

Ta haɗiye lomarta. "Na sani. Na gaya masa haka."

"Me ya ce?"

"Ya ce wadda ake kai wa ta riga ta faɗa wa gari ba ta so. Ya ce in raya shi a nan, kada irin ya ɓace. Irin babansa ne, babu shi a ko'ina sai ɗan abin da ke wajen mahaifiyarsa."

Na ce ai ta ji daɗi, kullum suna tare.

Ta dube ni. "Kin san me yake faɗa in muna tare? Maribeth ta ce kaza. Maribeth tana karanta wani littafi, mutumin ya haye kogi. Na san labarin safar hannun nan har na gaji da shi." Ta goge hannu a wando. "Kuma bari in faɗa miki gaskiya, Maribeth. Da don ni ya ba ni, da ba ki fita da shi daga ɗakin nan ba."

Ba ta yi murmushi ba. Ni ma haka. To ashe ba duka na ƙirƙira ba, rabi ne.

Ta ɗora mini tiren a hannu. Nauyi kamar yaro ɗan yaye. Ta ce in danna shi ya kama ƙasa, in ba shi ruwa kaɗan, kuma yau za a yi sanyi.

Ni ma na ɗaura masa bel.

Laraba, da almuru

Doyle ya tafi kai wa Mama talotalon bikin Godiya na gobe. Na dasa. Na karya farce biyu, shuɗiyar rigar ta tashi daga aiki. Ya ɗan karkace, tubalan ba su kai ba.

Ba ni da farin mayafi. Na ɗauko bargon aurenmu na rufa masa, na danne gefuna da duwatsu.

Doyle ya dawo ta ƙofar gaba, bai gani ba. Da ya tambayi bargo na ce yana wajen wanki. Muka kwanta da riguna biyu-biyu, kowa da gefensa.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, ranar Godiya, da hantsi

Na farka ba ya nan. Na tsaya a tagar kicin.

Yana durƙushe a bayan gida da rigar barci, raɓa ta yi fari a ko'ina. Ya ɗage bargon. Ya sa tafin hannu a kan ciyawar, ya daɗe a haka, kamar mai duba zazzaɓi. Sannan ya ciro tubali ɗaya ya gyara masa zama.

Ya shigo da bargon a kafaɗa, ya jiƙe, duk ƙasa.

"Wa ya dasa wannan?"

"Ni."

"A karkace."

"Na sani."

"Kuma kin kusa kashe ta. Wannan bargon ya yi mata nauyi, ba ta numfashi. Nata mayafin yana mota." Ya tsaya yana kallon faratana. "Kin je wajen Corinne?"

"Na je na karɓo kayana."

"Kin ce ba kya so."

"Ba na so. Har yanzu haushinta nake ji. Amma in za ka durƙusa wa wata, ka durƙusa inda zan gan ka."

Bai yi dariya ba, amma wani abu ya motsa a gefen bakinsa. Ya kakkaɓe bargon, ya juya busasshen gefen, ya yafa mini a kafaɗa, ya haɗa bakinsa a ƙarƙashin haɓata.

"Wannan na gado ne, 'yar littafi. Kada ki sake ba ta."

Ya koma waje ɗauko nata.

Mama tana jiranmu da azahar, ban ko fere dankali ba. Ina rubutu a tsaye. Ga shi can ya sake durƙusawa, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ban san me yake ce mata ba. Na buɗe tagar kaɗan. Sanyi na shigowa, amma ina ji.